Ranar da Muka Fito da Tukwane

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da kawunka Sani da iyalinsa duka a unguwar Badariya, can Birnin Kebbi. Mu nan Argungu lafiya lau. Babanku na sa maka albarka, ƙanwarka Dije ma ta aiko daga ɗakinta, ta ce a gaya maka jaririnta ya fara zama. Allah ya sa takardar nan ta riske ka kafin motar Sakkwato ta ɗauke ka, ya tsare maka hanya daga nan har Ikko, daga Ikko har ƙasar da za ka.

Da hannuna nake rubutawa, saboda haka ban yarda ka yi dariyar rubutun ba. Ajin yaƙi da jahilci na yi, ba kwaleji ba. Dije ta so ta rubuta min, na ƙi, don maganar nan ba wadda za ta bi ta bakin wani ba ce.

Bari in fara da abin da ya cika min zuciya. Allah ya taimake ni ba kai ne ɗan fari ba, ina iya kiran sunanka, ina kuma iya gaya maka ina alfahari da kai. Ɗan mai gyaran shinkafa zai haye teku ya yi karatun likita a Kyuba! Matan da muke turara shinkafa tare sun daina kirana da sunana, sai uwar likita. Ina ɗaure fuska in ce su bari, amma in na juya baya bakina ba ya rufuwa. Babanku kuwa, mutumin da ba ya son yawo, yanzu kullum yana da uzurin zuwa kasuwa, don dai a tambaye shi yaushe ne tafiyar.

To ka san tun da rediyo ya fara kawo labarin ƙasar nan garin bai huta ba. Mutanen da bara ba su san akwai wata ƙasa Kyuba ba, bana kowa ya zama masaninta. An ce mutanen can sun gaji da layin abinci da rashin bakin magana, sun cika harabar ofishin jakadancin wata ƙasa suna neman a fitar da su, wasu kuma suna shiga ƙananan jiragen ruwa suna bin teku. An ce hukuma na tara jama'a a kai su ƙofar gidajen masu son tafiyar, a yi musu ihu, a zage su, har da jifa da ƙwai. Ban gani da idona ba, kuma na san rediyon waje ma yana da nasa son zuciyar. Amma batun ƙwan nan ya tsaya min a rai. Ƙasar da ake layin abinci, wa ya ba su ƙwan jifa?

Kowa da abin da ya ɗauka. Kawunka Sani ya zo takanas daga Birnin Kebbi ya ce a fasa tafiyar, wai ƙasar da ke cikin tashin hankali ba a kai ɗa. Babanku ya saurare shi har ya gama, ya ce masa karatu ba ya jiran gari ya kwanta, ya tambaye shi labarin gonar albasarsa da ke garin Zauro. Masunta kuwa ba ruwansu da gwamnati, jiragen kawai suke jajantawa, suna ta musun yadda ƙaramin jirgi zai ɗauki jama'a haka a ruwan da ba a ganin gaɓarsa. Malaman makaranta sun rabu biyu, har an ce wasu sun daina shan shayi wuri ɗaya. Amma abin da ya fi yawa a bakin mutanenmu, maza da mata, shi ne mutanen nan ba su da kunya. Wai ko yunwa ce ai a yi ta a cikin gida, ba a fito titi a tona wa ƙasa asiri duniya na ji ba. Na ji wannan a bakin rijiya, na ji a gidan suna, na ja bakina na yi shiru, don na san masu faɗa, na kuma san abin da suka manta.

Sai ranar da abokanka suka zo maka sallama. Kuna zaure kuna cin tuwon shinkafa da miyar kifi, ni ina tsakar gida ina tankaɗe, babanku na gefe yana gyaran tarunsa na kamun kifi. Muryarka ta fi ta kowa, kamar kullum. Na ji ka ce:

"Waɗanga mutane butulai na. An ba su karatu kyauta, an ba su asibiti kyauta, mi suka so kuma? Ni in na tahi anka ce a hito a yi musu ihu, ni ka gaba."

Abokanka suka yi dariya. Ba ka lura ba, amma babanku ya ajiye tarun ya fita, bai dawo ba sai bayan magariba. Ni kuma ban iya tanka maka a gaban baƙi ba, washegari gida ya cika da masu sallama, sai ga shi ka tafi. Wannan magana taka ita ta sa ni zama da biro. Ba don ita ba, da addu'a kawai zan aiko maka da ƙullin yaji.

Zan ba ka labarin da muka ɓoye maka.

Ka tuna shekarun fari, tun kafin a yanka mana Jihar Sakkwato, lokacin kana makarantar kwana a Birnin Kebbi. Kai abin da ka sani shi ne gulbi ya janye, fadama ba ta sha ruwa ba, shinkafa ta ƙone a tsaye. Ka sani kamar yadda ake sanin abu a littafi, don kai gwamnati na ba ka abinci safe da rana da yamma, har kana aiko mana da ƙorafin wake ya yi tsakuwa. In hutu ya matso, sai in bi dangi in haɗo ɗan abin da za a dafa kwanakin da za ka yi. Muna zuba maka, mu ce mun riga mun ci. Kana komawa, gida ya koma yadda yake.

Yadda yake kuwa shi ne babu. Ba aikin gyaran shinkafa tunda ba shinkafar, tarun babanku yana rataye, abin sayarwa ya ƙare. Amma ka san halinmu. A wurinmu a ce gidan wane ba a ɗora tukunya ba ya fi yunwar kanta ciwo. Saboda haka da la'asar sai in hura wuta, in ɗora tukunya, in cika ta da ruwa zalla, hayaƙi ya tashi sama maƙwabta su gani. Har muciya nake bugawa a bakin tukunyar don a ji. In an samu dusa ko ganye a jefa a ba Dije, in ba a samu ba ta sha ruwan zafi da ɗan gishiri ta kwanta. Ina ganin wannan shi ne mutunci, haka na ga uwata ta yi a nata zamanin.

Hukuma ta kawo dawar agaji an zuba a wani babban sito a gari. Aka ce mai unguwa ya bi gida-gida ya ji waɗanda ke cikin matsi. To wane magidanci ne zai tsaya a ƙofar gidansa, maƙwabta na ji, ya ce ya kasa ciyar da iyalinsa? Duk wanda aka tambaya sai ya ce alhamdu lillahi. Babanku ma haka ya ce, cikinsa na kuka. Aka kai rahoto sama cewa unguwarmu lafiya lau, manya kuma abin ya yi musu daɗi, ba wanda ya sake tambaya. Sito ya zauna a kulle, sai dai muna jin ƙishin-ƙishin dawar na fita ta bayan gida tana shiga kasuwa.

Katanga ɗaya ta raba mu da Kulu. Ka san ta, ka san ɗanta Ummaru, wanda kake goyawa ka kai shi bakin gulbi kallon jirage. Kullum da la'asar ina ganin hayaƙin gidanta, ina jin bugun muciyarta. Sau da yawa na yi niyyar in leƙa in roƙe ta ko ludayi ɗaya saboda Dije, kunya ta hana ni. Ashe ita ma tana kallon nawa hayaƙin, tana cewa a ranta gidanmu da sauran abinci, ita ma kunya ta hana ta. Akwai ranar da kawunka ya aiko min da ɗan gero daga Zauro, na dama kunu muka sha har ya yi saura. Da na sani, da na miƙa mata ta kan katanga. Ban sani ba, don ta iya wasan kamar yadda na iya.

Da ka dawo hutu ka tambayi Ummaru, muka ce maka ƙyanda ce. Ba ƙyanda ba ce, Nasiru.

Ranar da ya rasu na shiga gidan don in taya ta aiki. Na je madafa na buɗe tukunyar da ke kan murhu, na ga ruwa. Na buɗe ta biyu, na ga ruwa. Na juyo muka haɗa ido da Kulu, ta gane na gani. Ta ce min a hankali:

"Ke ma?"

Na ce mata ni ma. Na koma gida na dubi Dije a kan tabarma, wuyanta ya zama kamar sillen kara, na san ita ce ta gaba.

Bayan an share makoki, da la'asar na hura wuta kamar kullum. Da ruwan ya tafasa, maimakon in buga muciya, sai na sauke tukunyar, na yi gammo, na ɗora ta a kai na nufi ƙofa. Babanku ya tare ni a zaure ya ce ina za ni da tukunya. Na ce masa sito za ni, in nuna musu alhamdu lillahin da ya ce. Na zaci zai hana ni, har na shirya abin da zan faɗa. Sai ya matsa gefe ya ce:

"Ni na kasa. Tahi, na yarda."

Na tsaya ƙofar Kulu na yi sallama, ta fito da tata. Muka bi unguwa, ba kiɗa ba kira, duk gidan da muka zo sai mu karkata tukunya matar gidan ta leƙa. Wasu suka rufe mana ƙofa. Wasu suka koma ciki suka fito da nasu. Wallahi na sha mamaki, gidajen da nake ganin sun fi ƙarfin yunwa, har da na wani mai kanti, duk ruwa suke dafawa. Kafin mu kai sito mun cika titi. Muka jera tukwanen a ƙofa, muka buɗe su, muka zauna a ƙasa. Ba mu zagi kowa ba, ba mu ɗauki ko tsakuwa ba.

Hukuma ba ta ga yunwa ba, cin fuska ta gani. An riga an gaya wa na sama cewa garin lafiya, ga mata sun zo sun ƙaryata a bainar jama'a. Aka turo 'yan sanda da kulake da bulala. Suka farfasa tukwanen, suka bi mu da duka. Tabon da ke kafaɗata, wanda na ce maka itace ne ya faɗo min, daga nan yake. Washegari aka kwashe mazajenmu aka tsare su 'yan kwanaki, laifinsu sun kasa tsare matansu a gida.

Dukan bai dame ni ba kamar bakin mutane. Aka sa mana suna matan tukunya. Yara na bin mu suna rera shi, manya na jin su ba sa hanawa. An ce mun zubar da mutuncin gari, an ce ba mu da kunya, an ce wasu ne suka zuga mu, kamar sai an zuga uwa kafin ta san ɗanta na mutuwa. Wata ƙanwar babanku ta daina shiga gidanmu. A masallaci ma babanku sai ya ga an bar masa fili a sahu.

Amma labari ya riga ya kai inda ba a so ya kai. Ba a daɗe ba aka turo wani daga sama, aka buɗe sito, aka raba dawa unguwa-unguwa ba tare da an tambayi kowa ko yana da buƙata ba. Na tsaya a layi, na waiga, sai ga masu kiranmu marasa kunya a bayana da ƙwaryarsu, kowa na kallon ƙasa. Ƙanwar babanku ma tana nan. Na gaishe ta da ƙarfi yadda kowa zai ji. Dije ta sha kunun dawar nan ta tashi, ga ta yau da ɗa a hannu, ta fi ni ƙiba.

Ban taɓa yin abin da nake alfahari da shi kamar wannan ba, sai haihuwarku. Ina alfahari da Kulu da ta fito da makoki a jikinta. Ina alfahari da babanku, don matsawar da ya yi a zaure ta fi tafiyata wuya. Abin da kawai nake da-na-sani a kai shi ne ban fito da wuri ba, da kuma ɓoye maka da muka yi. Mun so ka yi karatu hankalinka kwance, ka kuwa yi. Sai dai mun tashi yaro mai ilimi da yake zaton inda duk aka ga hayaƙi an ci an ƙoshi.

Yanzu ga shi za ka sake shiga makarantar kwana, a wata ƙasa. Za su ba ka ɗaki, su ba ka abinci a kan lokaci, su nuna maka asibitocinsu masu kyau. Duk wannan gaskiya ne, alheri ne kuma, ka gode musu da zuciya ɗaya. Ƙasar da ta ɗauki ɗan talaka daga bakin gulbi ta koya masa likita ba abin rainawa ba ce, kada in ji ka zama mai zagin masu masaukinka. Amma ka sani farantin baƙo ba shi ne tukunyar gida ba. Ni na ciyar da kai a lokacin da ba ni da abin ci, ba ka kuma gane ba.

Ban ce ka shiga rigimarsu ba. Kai baƙo ne, ba ka san farkonta ba, ba kuma kai za ka ga ƙarshenta ba. Ban aike ka ka yi zanga-zanga ba, ban son in ji an tsare ka inda ba ni da ƙafar zuwa. Wataƙila ma cikin masu tafiyar akwai 'yan son banza, ko a cikinmu akwai wadda ta biyo mu don kallo. Abu ɗaya na hana ka. In aka jera ɗalibai aka ce ku je ƙofar wani ku yi masa ihu don ya ce ya gaji, kada ka je. Ka ce cikinka na ciwo, kai da za ka zama likita ba ka rasa sunan cuta ba. In ba makawa sai ka tsaya a cikinsu, to ka rufe bakinka, ka sa hannuwanka a aljihu. Mutum ba ya ɗaukar 'ya'yansa ya sa su a ƙaramin jirgi a kan teku don butulci. Kafin ya kai nan ya daɗe yana cewa alhamdu lillahi.

Ka yi abota da talakawan wurin, ba abokan aji kawai ba. Ka gaida masu dafa muku abinci da masu shara, ka koyi sunayensu. In wani ya gayyace ka gidansa ka je, amma kada ka cinye abin da aka sa maka, ka dubi yaran gidan tukuna. In an ce maka sun riga sun ci, ka tuna wadda ta taɓa gaya maka haka. Kada kuma ka matsa wa kowa da tambayar gwamnati, kai za ka dawo gida, shi can zai zauna.

Kai ma in abu ya dame ka, yunwa ce, ciwo ne, kewa ce, ka faɗa. Kada ka rubuto mana lafiya lau alhali ba lafiya, na san wannan wasan fiye da kai. Ka riƙe sallarka ko da kai kaɗai ne mai yi a gidan. Ka tambayi naman da aka ba ka kafin ka kai baki. Batun 'yan matan can kuwa na bar wa babanku, ya ce zai rubuta maka, ko da yake na san sai ka dawo takardar ba ta tashi ba.

Ƙullin da direba zai ba ka tare da takardar nan ba nawa ba ne. Busasshen kifi ne da yaji daga Kulu, ita ta daka da hannunta. Ranar da kake magana a zaure tana tsakar gidanta, ta ji duk abin da na ji. Da ta kawo ƙullin na rasa inda zan sa fuskata, na fara ba ta haƙuri. Ta katse ni ta ce:

"Bar shi, bai sani ba, mu munka ɓoye mai. Ki gaya mai gaskiya. Yaron da ya goyi Ummaru, in ya sani ba ya yi."

Ta tsaya maka, ni ma na tsaya maka, don na san ɗan da na haifa. To yanzu ka sani. Duk ƙofar da aka kai ka a can aka ce ka yi ihu, akwai irina da irin Kulu a bayanta.

Allah ya kai ka lafiya, ya buɗe maka karatu, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya kare ka daga zalunci, naka da na wani. Allah ya sa muna raye mu ga dawowarka. Ka gaida kawunka, ka ce masa ya daina fushi, addu'arsa muke so.

Mahaifiyarka,
daga Argungu.